Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Sa Rediyonka Ƙugi a Zangon AM, da Iyakar Abin da Dijital Zai Gyara

Duk wanda ya girma a gidan da ake kunna rediyo bayan sallar asuba ya san cewa a da mutum yana iya ajiye akwatinsa a kan tabarma a tsakar gida ya kama Kaduna a matsakaicin zango, ko ya zaro eriya ya kamo Landan a mita 16 ko 19, ya ji magana tar har a gama labarai. Yau kuwa a cikin gari, ko a Kano ko Zariya ko Maraɗi, sai ka ga akwati lafiyayye yana ta ƙugi da tartsatsi, muryar mai karanta labarai tana nutsewa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Da yawa suna ɗora laifin a kan tasha, wasu su ce rediyon ne ya tsufa su sayi sabo, su dawo gida su tarar da ƙugin yana nan yana jiransu. A mafi yawan lokuta abin da ke dame sauti yana cikin gidan mai sauraren ko gidan maƙwabcinsa, kuma ana iya gano shi da rediyo mai batir da ɗan haƙuri.

Kafin a fara bincike yana da kyau a san dalilin da ya sa AM ke kwasar ƙara fiye da FM. A tsarin AM, wanda shi ne ake amfani da shi a matsakaicin zango da gajeren zango duka, ana ɗora murya ne a kan ƙarfin siginar, wato ƙarfin yana hawa yana sauka daidai da maganar da ake yi. Duk wani tartsatsin lantarki, daga walƙiya har zuwa fulogin babur, shi ma hawa da saukar ƙarfi ne, don haka akwatin ba ya iya bambanta shi da murya, sai ya fitar da su tare. A FM kuwa, wanda injiniyan Amurka Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933 don maganin wannan matsalar, muryar tana cikin ɗan motsin da mitar kanta, wato saurin kaɗawar siginar, ke yi, saboda haka akwatin yana iya aske hawa da saukar ƙarfin ya zubar. Sai dai FM ba ya nisa. Tashar FM takan tsaya a 'yan gomman kilomitoci daga turakarta, alhali gajeren zango yana tsallaka hamada da teku, wanda shi ya sa tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, makiyayi a daji da direba a kan hanyar Agadas suke jin labaran duniya a lokaci guda da mutumin birni.

Fara da kunne

Kowace ƙara tana da irin tata muryar, kuma wanda ya koyi bambanta su ya rage wa kansa rabin aikin. Murɗa rediyon zuwa wurin da babu tasha a ƙasan matsakaicin zango, wajen kilohaz 540, ka ɗaga sauti kaɗan ka saurara na minti biyu ko uku.

Idan ka ji ƙugi mai kauri wanda ba ya yankewa, kuma ya mamaye zangon daga farko har ƙarshe, to yana da alaƙa da wutar lantarki ta gari, wadda a Najeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa guda. Idan kuma ƙarar tana zuwa ne a dunƙule, ka murɗa ta ɓace, ka ƙara murɗawa ta dawo, a tazara kusan iri ɗaya, wannan alamar caja ce ko kwan fitila na LED ko inbata. Waɗannan na'urori suna kunna wuta suna kashewa a cikinsu sau dubbai a daƙiƙa, kuma kowane kunnawa yana haifar da 'ya'yan mita da ke jeruwa har cikin gajeren zango. Ƙaf-ƙaf-ƙaf da ke ƙara sauri idan an taka totur, na fulogi ne, ko na babur ko na janareto. Fashewa mai zuwa jefi-jefi ba tare da tsari ba, musamman da damina, walƙiya ce. Siririn fito kamar na usur kuma tashoshi biyu ne suka kusanci juna a mita. Akwai wata ta shida, wani shuuu mai laushi da faɗi kamar zubar ruwan sama a kan kwano, wadda zan dawo kanta, domin ita ce ƙofar muhawarar dijital.

Gwajin ɗauke wuta

A nan muna da wata dama da mutanen Turai ba su da ita, ko da yake ba abin alfahari ba ce: ana yawan ɗauke mana wuta. Sa batir a rediyon, ka cire shi daga soket gaba ɗaya, ka lura da yadda yake kamawa lokacin da akwai wuta, sannan ka sake saurare a wuri ɗaya da mita ɗaya da zarar an ɗauke, kafin maƙwabta su tayar da injinansu. Idan zangon ya yi tsit tashoshi suka fito, ka tabbatar da cewa rediyonka ƙalau yake, tashar ma ba ta da laifi.

Mataki na biyu shi ne raba gidanka da na waje. Lokacin da akwai wuta, kashe babban makunnin gidan daga wajen mita, ka kashe inbata idan kana da ita, har da fitilun da ke da batir a cikinsu, domin su ba sa mutuwa don an yanke wuta. Idan ƙarar ta tafi, mai laifin yana ƙarƙashin rufinka. Sai ka mayar da wuta, ka bi ɗaki-ɗaki kana zare kaya daga soket ɗaya bayan ɗaya. Zarewa nake nufi, domin talabijin da dikoda da aka kashe da rimot suna ci gaba da aiki a ciki, haka ma cajar waya da aka bari a soket babu waya a jikinta. Kada ka tsaya don ka kama guda ɗaya. Sau da yawa ƙarar tarin abubuwa uku ne ko huɗu, kuma sai an cire mai ƙarfin ake jin na bayansa.

Rediyon da kansa shi ne abin farautarka. Riƙe shi ka kusantar da shi ga abin da kake zargi, ƙarar za ta ƙaru yayin da kake matsowa. Idan ta cika ko'ina har ba ka iya gane inda ta fi ƙarfi, koma gajeren zango ka tura eriyar ciki, ko ka hau can saman mita, domin a can ƙarar ba ta yin nisa daga tushenta, sai ka zo dab da abin kafin ka ji ta. Akwai tarko guda a nan da ya kamata a sani: wayoyin wuta da ke cikin bango suna ɗaukar ƙara su raba ta gidan duka kamar eriya, saboda haka jin ƙugi a bakin soket ba ya nufin cewa a soket ɗin aka haife shi.

Ni kaina na taɓa shafe makonni ina zargin taransifomar unguwa, har na fara shirin kai ƙorafi, ashe wata 'yar caja ce mai arha da yara suka bari a bayan kujera.

Gyaran abin da aka kama

Caja da kwan fitila ba su cancanci a ɓata lokaci a kansu ba. Masu arha ana cire musu 'yan kayan tace ƙara ne a masana'anta don a rage kuɗi, kuma babu yadda za a gane hakan daga kwali. Tafi kasuwa da ƙaramin rediyonka, ka sa mai shago ya kunna kwan, ka kusantar da akwatin kamar taku ɗaya, ka zaɓi wanda ya fi shiru. Shi kuma rediyon, in dai zai yiwu, a bar shi a kan batir. Idan dole sai an haɗa shi da wuta, a nemi tsohuwar adafta mai nauyi, wadda ke da taransifoma ta ƙarfe a ciki, domin ita ba ta yin wannan kunnawa da kashewa mai sauri.

Sola ita ce ta fi wuya, kuma ita ce ke ƙara yawa a gidajenmu. Abubuwa biyu ne ke yin ƙara a cikinta, inbata da na'urar da ke daidaita cajin batir. Ana rarrabe su da lokaci: idan ƙarar tana tashi da hantsi ta kwanta da magariba, mai daidaita caji ne, idan kuma tana nan dare da rana muddin akwai wuta a soket, inbata ce. Dogayen wayoyin da suka sauko daga faifan sola a kan rufi su ne ke watsa ta. Ka sa mai haɗa maka sola ya haɗa wayar ja da baƙa wuri guda, ya murɗe su da juna kamar igiya maimakon kowace ta bi hanyarta, ya gajarta wayoyin batir iyakar iyawa, sannan ya haɗa jikin inbatar da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Bayan haka sai zoben farait, wato baƙin zoben nan mai kama da gawayi da ake gani a kumbure a jikin wayar tsohuwar kwamfuta. Ana naɗa waya a cikinsa dab da inda ta fito daga na'urar. A matsakaicin zango ratsawa sau ɗaya ba ta yin komai, sai an zagaya sau biyar zuwa goma, domin ƙarfin toshewar yana ƙaruwa ninki-ninki da yawan zagayen. A nemi babban zobe, a kuma ratsa wayoyin biyu tare. Duk wannan aiki ne na wanda ya san wuta, domin batirin sola yana iya narkar da sifana idan ta haɗa kawunansa biyu.

Janareto kuwa, a sa masa fulogi mai ɗauke da harafin R a lambarsa, wanda ke da abin rage tartsatsi a ciki, a duba hular fulogin ko ta tsage, a kuma nisanta shi da inda ake saurare.

Idan ka kashe gidanka duka ƙugin bai tafi ba, fita da rediyon ka bi layin. Inda ya fi tsanani a gindin wata falwaya, akwai yiwuwar wani kwalban da ke riƙe waya ya tsage, ko wani ƙulli ya saki yana tartsatsi. Irin wannan yakan canza da yanayi, ya tsananta da hunturu lokacin da ƙura ta lulluɓe komai iska kuma tana kaɗa wayoyi, wani lokacin ya lafa bayan ruwan sama. Rubuta lambar falwayar da lokutan da abin ke faruwa ka kai ofishin kamfanin wuta, ka gaya musu cewa akwai tartsatsi a kan layi, domin wannan asara ce gare su kuma hatsarin gobara ne, sun fi saurin jin sa a kan maganar rediyo. Kada ka jijjiga falwaya, kada ka buge ta, kada ka taɓa wayar da ke ɗaure ta da ƙasa. Idan kuma abin daga gidan maƙwabci yake, ka je da rediyon a hannu bayan gaisuwa ka nuna masa da kunnensa, kuma sau da yawa sayen sabon kwan fitila ka ba shi kyauta ya fi doguwar magana sauƙi.

Walƙiya ba ta da magani. Da dare a matsakaicin zango kana iya jin hadarin da ke ɗaruruwan kilomita daga inda kake, sama kuwa tana garau a kanka.

Juya akwatin, sannan ka gina masa eriya

Mutane da yawa suna zaro doguwar eriyar ƙarfe suna neman tashar matsakaicin zango, alhali a mafi yawan ƙananan rediyo wannan eriyar ta FM ce da gajeren zango. Ta matsakaicin zango tana ciki, wata baƙar sandar farait ce da aka naɗe da siririyar waya, kwance a tsawon akwatin. Wannan sanda tana ji sosai ta gefenta, tana kuma kurmancewa ta kawunanta biyu. Saboda haka ka kwantar da hankali ka juya akwatin a hankali kamar mai neman alƙibla. Abin da kake nema shi ne inda ƙarar ta faɗi, ko da tashar ba ta kai ƙarfinta na ƙarshe ba a wurin, domin wurin kurmancin siriri ne ƙwarai, ɗan motsi kaɗan ya isa ya fitar da kai daga cikinsa. Da wannan dabarar ce kuma ake kawar da tashar waje da ta hau kan wadda kake so da dare.

Wurin zama ma yana da tasiri. Ɗakin siminti mai rodi da rufin kwano yana tare sigina daga waje yana kuma tara ƙarar cikin gida. Bakin taga ya fi tsakiyar ɗaki, tsakar gida kuma ta fi duka biyun.

Ga wanda ke nesa da tasha, babu abin da ya kai eriyar zobe amfani, kuma kafinta da mai gyaran rediyo sun isa su haɗa ta. A yi firam na katako mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita 60. A naɗa siririyar waya mai rufi a kewayensa sau 14, zagaye kusa da zagaye da 'yar tazara, yadda faɗin naɗin duka zai kai kamar santimita 8, abin da zai ci waya wajen mita 34. Bakunan wayar biyu a haɗa su da kafasita mai juyawa irin ta cikin tsohon babban rediyo, wadda ke kaiwa pikofarad 365. Ba a haɗa ta da rediyon da kowace waya. Ana ajiye akwatin ne a cikin firam ɗin ko a gefensa, yadda sandar ciki za ta leƙa ta cikin zoben, a kama tasha, sannan a juya kafasitar a hankali har sautin ya yi tsalle ya fito. Idan ba ta kai tashoshin ƙasan zango ba a ƙara zagaye ɗaya ko biyu, idan na sama ne suka gagara a rage. Siririn gefen firam ɗin shi ake nuna wa garin da tashar take.

A gajeren zango kuma waya mai rufi ta mita biyar zuwa goma ta wadatar, a miƙa ta waje nesa da wayoyin wuta, a naɗa bakinta sau 'yan kaɗan a jikin eriyar ƙarfen. Wadda ta fi haka tsawo takan cika wa ƙaramin rediyo ciki, tashoshi su hau kan juna. Kada ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin layin wuta ko kaɗan, kuma a cire ta da zarar hadari ya haɗo.

Sai lokaci. Da rana wani ɓangare na sararin sama da hasken rana ke cajawa yana shanye siginar matsakaicin zango, don haka sai tashar da ke kusa ake ji. Bayan faɗuwar rana wannan ɓangaren yana washewa, siginar ta haura ta dawo ƙasa a nesa mai yawa, shi ya sa da dare Larabci da Sifaniyanci suke cika zangon. A gajeren zango, mita 13, 16 da 19 sun fi kyau da rana, mita 31, 41 da 49 kuma da dare da asuba. Manyan tashoshin duniya suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, saboda haka tashar da ta ɓace a waɗannan makonni wataƙila ƙaura kawai ta yi. Mai rediyo mai nuna lamba kuma ya duba wani ɗan saiti da aka rubuta 9 da 10 a kansa. A Afirka da Turai da Asiya tazarar tashoshin matsakaicin zango kilohaz 9 ce, bisa tsarin da aka amince da shi a Janeba a 1975, a nahiyar Amurka kuma 10 ce. Akwatin da aka bari a kan 10 zai tsallake kilohaz 594 na Kaduna da 729 na Kano, ya tsaya a gefensu inda sauti ke shaƙewa.

Shuuu ɗin nan, da rigimar da ke bayansa

Idan ka ci karo da wani shuuu mai faɗi wanda yake farawa kwatsam a wata mita ya kuma yanke kwatsam bayan kamar kilohaz 10, ba ya canzawa ko ka kashe gidan duka, to mai yiwuwa tashar dijital ce kake ji da akwatin da bai san yarenta ba. Babu abin gyarawa a nan.

Tsari biyu ne suke takara a kan zangon AM. Na farko HD Radio, wanda wani kamfanin Amurka mai suna iBiquity ya ƙirƙira, hukumar sadarwar ƙasar kuma ta amince da shi a 2002. Dabararsa ita ce a bar tsohuwar siginar a tsakiya don masu tsohon akwati, a jera bayanan dijital a gefenta biyu. A takarda abin ya yi kyau, amma tashar da ta yi haka tana mamaye kusan kilohaz 30, wato tana zuba shuuu a filin maƙwabtanta na sama da na ƙasa. Da rana abin da sauƙi. Da aka ba da izinin yin sa da dare a Satumbar 2007, lokacin da sigina ke tafiya nesa, sai ƙorafi ya yi yawa, har kamfanin Citadel, wanda a lokacin yake da manyan tashoshi irin su WABC ta New York, ya dakatar da shi da dare cikin 'yan makonni. Tashoshin AM da dama sun kashe shi daga baya. A 2020 hukumar ta ba wa duk tashar da ke so damar komawa dijital zalla, wanda ya rage damun maƙwabta amma ya rufe ƙofa ga duk mai tsohon akwati, kuma kaɗan ne suka bi wannan hanyar.

Na biyu shi ne DRM, wanda gamayyar gidajen rediyo da masu ƙera na'urori suka kafa a birnin Guangzhou na Sin a 1998. Shi buɗaɗɗen tsari ne da ba na kamfani guda ba, an tsara shi ya zauna cikin kilohaz 9 ko 10 na tasha ɗaya, yana kuma aiki a gajeren zango, inda HD Radio ba ya zuwa. Yana iya kawo sauti mai kusan tsabtar FM daga dubban kilomitoci, da rubutu a fuskar akwati, da gargaɗin gaggawa, da ƙarancin wutar da tashar ke sha. Indiya ce ta rungume shi da gaske: gidan rediyon gwamnatinta ya kafa manyan na'urorin DRM fiye da talatin a matsakaicin zango, kuma miliyoyin motocin da aka sayar a ƙasar sun fito da akwatin da ke kama shi. Mu ma muna da hannu a ciki, domin tashar watsa shirye-shirye ta Muryar Najeriya da aka buɗe a Lugbe kusa da Abuja a 2012 an gina ta da na'urori masu iya DRM, ta kuma watsa shirye-shirye da shi a kilohaz 15120. Turai kuwa ta bi wata hanya dabam, Jamus da Faransa sun rufe manyan tashoshinsu na gwamnati a matsakaicin zango a ƙarshen 2015, Norwe ta kashe FM na tashoshin ƙasa a 2017 ta koma DAB+, wani tsarin dijital da ke buƙatar turaku masu yawa kamar FM, wanda bai dace da faɗin Sahel ba.

Abin da masu tallar dijital ba su cika faɗa ba shi ne cewa dijital ba ya kashe ƙara. Yana ɓoye ta ne har zuwa wani mizani, idan ta wuce nan sautin ya yanke ɗif. AM kuwa yana lalacewa ne a hankali, kuma kunnen ɗan Adam gwani ne wajen tsamo magana daga cikin ƙugi, kamar yadda duk wanda ya taɓa manna akwati a kunne ranar da ake jiran sakamakon zaɓe ya sani. Inbatar da ta hana ka jin AM tana iya hana ka jin DRM, saboda haka duk matakan da aka bayyana a sama suna nan daram ko da an sauya tsari gobe. Masu ƙera motoci masu lantarki sun nuna inda sakaci da wannan ke kaiwa: da injinan motocin suka cika AM da ƙara, kamfanoni irin su Tesla da BMW sai suka cire zangon daga wasu motocinsu maimakon su tace ƙarar. Ford ma ta yi niyyar haka, ta janye a 2023 bayan 'yan majalisar Amurka sun gabatar da ƙudurin tilasta barin AM a mota, suna kafa hujja da cewa da shi ake isar da gargaɗi idan bala'i ya katse wuta da waya.

A ganina, idan har za a zaɓa wa yankinmu tsari, DRM ya fi dacewa da nisa da tazarar kilohaz 9 da kuma dogaron da muke yi da gajeren zango. Amma muhawarar a wurinmu ta akwati ce kafin ta zama ta turaka. Ƙaramin rediyo irin Kchibo da ake saya a kowace kasuwar ƙauye yana yin makonni da batir biyu, mai gyara a bakin tasha kuma ya san cikinsa. Akwatin DRM ya ninka shi kuɗi sau da yawa, ya fi shi shan batir, kuma da wuya ka same shi a shago. Tashar da ta kashe AM kafin wannan ya canza ta sallami makiyayi da manomi da matar da ke sauraro tana tuƙa tuwo, su ne kuwa ainihin masu sauraronta. Akwai wata hanya ta tsakiya da gidan rediyon New Zealand ke bi a tsibiran tekun Pasifik: yana aika shiri da DRM a gajeren zango, ƙananan tashoshin tsibiran su kama shi da tsabta su sake watsa wa jama'arsu ta akwatin da suka saba da shi. Akwati ɗaya mai tsada a tashar FM ta gari ya wadatar da dubban gidaje.

Wanda ke son ya ji DRM da kunnensa kafin ya kashe ko sisi yana iya buɗe ɗaya daga cikin akwatunan KiwiSDR da masu sha'awar rediyo suka jona da intanet a ƙasashe da dama, ya zaɓi wanda ke Indiya ko kusa da ita, ya shiga matsakaicin zango, ya nemi siginar da ta fito a allo kamar faffaɗan tubali mai kaifin gefe, ya danna maɓallin DRM ya jira 'yan daƙiƙoƙi sunan tashar ya bayyana. Wanda kuma zai sayi sabon rediyo yanzu, ya nemi mai aiki da batirin da ake samu a kowane kanti, mai doguwar sandar ciki, wanda galibi faɗin akwatin ke nunawa, mai saitin 9 da 10, kuma in da hali mai makunnin rage faɗin sauti, domin shi ne ke yanke fiton tashar da ke gefe. Kafin ya biya, ya roƙi mai shagon ya bar shi ya fita da shi bakin titi, nesa da fitilun shagon da tarin cajojin da ke kan kanta, ya gwada shi a can.